Ranar Riikka a Kalanda

Nurmes, cikin watan Maris

Zuwa ga 'yata Riikka,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da jikata Pihla. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ce ke ta tsiyarta, sai sanyi da ya ƙi tafiya.

Ban san hannu nawa wasiƙar nan za ta bi kafin ta same ki ba. Na rubuta sunan Outi ta gidan mafakar mata a bayan ambulan kamar yadda aka ce in yi, ita ta san inda za ta tura. Uwa ta rubuta wa 'yarta sai ta hannun baƙuwa. Lambarki ma an hana ni, wai don mijinki Jyrki ne ya saita mini wayar nan tun farko. Abin yana ci mini rai, amma na ga fuskarki a asibiti bara, na ga yadda ya mayar da muƙamuƙinki, don haka ba zan yi gardama ba. Ki ɓuya, ki ƙara ɓuya.

Tsohon mijin naki kuwa ya zama waliyyi a garin nan. Kullum yana shafinsa na intanet, yau hoton Pihla a kan keke, gobe hoton takalminta a bakin ƙofa, yana rubuta wai uba ne da aka raba da 'yarsa. Mata sai zuba masa alamar zuciya suke yi. Shekaranjiya a kanti matar mai sayar da magani ta tare ni, ta karkace kai ta ce, "Terttu, ba don in sa baki ba, amma yaron nan yana shan wahala." Na ce mata, "To kada ki sa." Na ɗauki madarata na fita. Takardar kotu da ta hana shi kusantar ku ba ya sa hotonta, wannan kam ba ta yi masa kyau a shafi ba.

Na toshe shi, ma'aikaciyar laburare ta nuna mini yadda ake yi. Ta ce gara in rufe shafin nawa gaba ɗaya, ko in canza suna. Na ce in canza in koma wa? Terttu Karvinen ɗaya ce, wadda ke coci ita ce ke kanti, ita ce ke waya. Ban yi sata ba balle in ɓoye fuskata.

Abin da ke kashe ni shi ne rashin gani. Da ina buɗe waya da safe in ga abin da kika dafa, in ga Pihla ta zubar da haƙori. Yanzu shafinki babu shi, kamar ba a taɓa haihuwarki ba. Sai in zauna da kofi ina kallon kalandar bango, ina karanta sunayen da ke ƙarƙashin kowace rana, tunda a ƙasar nan kowane suna da ranarsa, ina tuna wa ya kamata in taya murna. Ko jiya na kira ƙawata Aila don ranar wata jikarta ce, ta hau ba ni labarin jikokinta har sai da na ce mata madara tana ƙonewa a wuta.

Ki aiko mini da wani abu, ko hoton tagarki ne. Ki sumbaci Pihla, ki ce Mummo, kakarta, tana gaishe ta.

Ki huta lafiya.
Mamanki, Terttu

Cikin watan Afrilu

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya gwiwa? Ki riƙa shan maganin a kan lokaci, ba sai ciwon ya taso ba.

Muna lafiya. Ɗaki biyu ne, akwai ɗumi, Pihla ta shiga makaranta. Ta daina fitsarin kwance. Hoto ba zan sa a ambulan ba, don na san ki, kafin yamma yana jikin firij, duk wanda ya shigo shan kofi ya gani.

Zan gaya miki wani abu, kuma Outi ba ta so ba. Na buɗe sabon shafi. Na yi watanni ba wanda ya kira ni sai malamar makaranta da mai kawo wasiƙa, har na fara magana da tukunya. Sunan shafin Annukka Saarela. Babu fuskata, babu ta Pihla, safa ce kawai da zaren ulu, sai hannuna wani lokaci. Ina saƙawa, ranar Asabar in kai kasuwar garin, ina da ɗan tebur kusa da mai kifi. A shafin nake sanar da masu saye ranar da zan fito.

Annukka mijinta ya rasu. Direban babbar mota ne, zuciyarsa ta tsaya. Ban shirya ƙaryar ba, wata tsohuwa ce ta tambaye ni ina maigidan, sai na ji bakina ya faɗa. Matar da aka kusa kashewa mutane suna kallonta suna tunanin me ta yi. Wadda mijinta ya mutu kuwa kofi suke kawo mata.

Ki ji abin kunya, Mama, Annukka ta fi ni daɗin zama. Tana da barkwanci. Mai kifin, sunanta Pirkko, bakinta ba ya hutawa, kullum sai ta ce, "Annukka, safar nan taki ko saurayi ta samo miki? Tawa dai ƙaiƙayi ta samo mini." Ni kuma in ce ta fara wanke ƙafar tukuna. Rannan na ji wata tana dariya da ƙarfi a kasuwa, sai na gane ni ce. Riikka ta manta yadda ake yi.

Na ba ki sunan ne don ki daina kallon bango. Shafin a buɗe yake, kowa na iya gani. Amma ki saurare ni da kyau. Ki duba kawai. Kada ki nemi abota, kada ki danna zuciya, kada ki rubuta komai, ko ɗigo. Kada ki nuna wa Aila. Za ki ga sunan garin a can, kada ki furta shi ko a addu'a in akwai mutum kusa. Jyrki ba ya barin abu, kin sani. Ya taɓa kwana a mota a ƙofar wurin aikina don na ƙi ɗaga waya.

Ki ƙona wannan bayan kin karanta. Pihla ta ce a gaya wa Mummo ta iya ɗaura igiyar takalmi.

Sai na ji daga gare ki.
Riikka

Nurmes, farkon watan Yuni

Zuwa ga 'yata, ko in ce zuwa ga Malama Annukka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙanƙara ta narke, sauro ya karɓi gari, na shuka tumatir.

Na ƙona wasiƙar a murhun ɗakin surace. Na bi dokarki. Kullum da safe ina buɗe shafin, ina zaune a kan hannuna kamar yarinya a aji. Ashe bakin teku kike. Na gane hannunki tun hoton farko, ga tabon wuƙa a babban yatsa. Dunduniyar safar ma irin tawa ce, ninki biyu, ko da yake kina jan zaren da yawa, tun kina ƙarama nake gaya miki.

Yanzu bari in faɗi abin da ya kawo ni. Makon jiya kin sa hoton wata safa mai ruwan toka, kika rubuta a ƙasa, "Marigayiya mahaifiyata ce ta koya mini wannan." Mutane suka yi ta yi miki ta'aziyya. Wata ma ta ce tabbas tana kallonki daga sama tana alfahari. Daga sama! Ina nan Nurmes a kicin, da tabarau a hanci, ina karanta labarin mutuwata. Miji kika kashe ban ce komai ba, ya cancanci fiye da haka. Ni me na yi miki? Ko cutar da ta kashe ni ba ki faɗa ba. Na yi kuka, Riikka, ba zan ɓoye miki ba. Na kuma kasa rubuta ko kalma ɗaya in ce ga ni da raina, saboda an ce kada in yi ko ɗigo.

Na san dalili, ba sai kin karanta mini ba. Amma mutum ba riga ba ne da za a tuɓe a sa wata. Matar nan mai barkwanci da kifi ban san ta ba. Ina kallonta ina jin daɗi tana dariya, ina kuma jin haushinta kamar ta sace mini 'ya. Idan kika daɗe a cikinta, wa zai dawo mini?

Allah dai ya sa na sami mai ɗebe mini kewa. A zauren masu noman tumatir na intanet na haɗu da wata Eila Tolonen daga Kajaani. Tsohuwa ce kamata, mijinta ya rasu, ɗanta yana Oslo ba ya ko kira. Ita ta fara nemana, ta ce tumatirina ya fi na kowa. Kullum muna rubutu. Ba ta son kiran waya, kunnenta ya yi nauyi. Mace ce mai hankali, tana tambayar gwiwata, har ranar da zan ga likita tana tunawa. Kada ki tayar da hankalinki, ban gaya mata komai ba. Na ce 'yata tana nesa, shi ke nan. Ta ce ta san zafin.

Wata mai zuwa makon mata zai kama, makon da sunayen mata kaɗai ke kalanda, sunanki ne kuma ke buɗe shi. Bara kina asibiti, ba a yi komai ba. In ban da baran nan, tun kina zanen goyo ban taɓa barin ranar Riikka ta wuce ba kek ba. Sitiroberi bana zai yi kyau.

Ki gaishe da Pihla.

Mamanki, wadda har yanzu tana numfashi,
Terttu

Ƙarshen watan Yuni

Mama,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Ki yafe mini. Matan kasuwa ne suka dame ni da tambaya. Ina mamanki, wane gari take, me ya sa ba ta zuwa ganin jika? Uwa mai rai tana da gari, tana da suna, ana iya nemanta. Ban sami inda zan ajiye ki ba sai can. Da na rubuta kalmar na shiga banɗaki na yi amai. Ban yi tunanin yadda za ki ji ba, kuma wannan laifina ne.

Kin tambaya wa zai dawo miki. Ban sani ba. Riikka ita ce wadda ke gane irin daren da za a yi daga yadda aka murɗa makulli. Ba na kewarta. Amma ita ce 'yarki, na sani, kuma in ina rubuto miki ita ce ke riƙe da biro.

Pihla ta yi ƙawa, 'yar Pirkko ta ƙarshe. Sun tafi bakin ruwa tare ranar bikin tsakiyar bazara, aka kunna babbar wuta, ta ci tsiran alade har ta yi barci a cinyata. An ce in ina so, da kaka za a ba ni aiki a shagon zare na garin. Wata uku ke nan ban duba bayan labule ba kafin in kwanta.

Maganar ranar suna. Ki yi kek ɗinki, ki kira Aila, ku ci rabona. Kada ki aiko kati, Outi tana hutu a watan. A nan ba wanda ya san ranar tawa ce. Ranar Annukka sai Disamba, Pirkko har ta ce za ta kawo giya.

Na ji daɗi kin sami ƙawa. Ki dai riƙa kula.

Taki,
Riikka

Nurmes, ƙarshen watan Yuli

'Yata Riikka,

Gaisuwa mai tarin yawa. Makon mata ya zo da ruwansa kamar kullum, duk shanyata ta jiƙe.

Na yi kek. Hawa uku, da kirim, sitiroberi har yana zubowa. Aila ta zo da fure, muka sha kofi a kofunan baƙi. Ta ɗaga kofi ta ce, "To, ga mai rana, duk inda take." Ta ci yanka biyu ta tafi. Na zauna ni da sauran kek ɗin.

Zan gaya miki abin da na yi, don ban iya ɓoye-ɓoye ba, kuma in kin ji za ki ga ba wani abu ba ne. Da yamma na buɗe shafin, sai ga shi kin sa hoton safa ja, mutane suna ta tambayar kuɗinta. Ranarki guda, babu mutum ɗaya a duniya da ya ce miki barka. Zuciyata ta kasa ɗauka. Sai na rubuta a ƙasa, "Barka da ranar suna." Da ɗan hoton fure. Iyakarsa ke nan. Ban sa sunanki ba, ban ce 'yata ba, ban ce komai ba. Na yi dabara sosai. Na bar shi ya ɗan jima don ki gani, kafin in kwanta na goge. Kin gani kuwa? Ina fata kin gani.

Jyrki a toshe yake, ba ya ganin abin da nake rubutawa, ma'aikaciyar laburare ta tabbatar mini tun farko. Mutum ɗaya ce ma ta lura, Eila. Ta rubuto tana tsokanata, wai, "Terttu, tsufa ya kama ki, Annukka ai sai Disamba, yau ranar Riikka ce." Na yi dariya na ce kuskure ne, ido ya tsallake layi. Ta ce ita ma tana yi. Har ta yaba safar, ta ce da garin ba nisa da ta je ta saya.

Kwana biyu ban ji ta ba, wataƙila ɗan nata ya zo.

Na san za ki yi faɗa. Ki yi, na shirya. Amma uwa ce ni, ba dutse ba. Na ji sanyi a raina ranar, rabon da in ji haka tun kafin asibiti.

Ki sumbatar mini Pihla. Ki rage jan zare.

Mamanki mai ƙaunarki,
Terttu

Cikin watan Agusta

Mama,

Ina fata kina lafiya. Muna raye, ni da Pihla, ba wanda ya taɓa mu. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Na ga saƙonki ranar. Na ga furen. Na tsaya da wayar a hannu, na ji daɗi na ɗan lokaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Daga nan na tuna kowa na iya gani. Kafin in yanke shawarar abin yi kin goge, sai na ce wa kaina ba wanda ya gani. Ban gaya wa Outi ba, tana hutu, kuma ina son aikin shagon zaren.

Asabar ta biyu bayan nan ina kasuwa, ina ba wata canji. Na ɗago kai, ga Jyrki. Ya yi aski, ya sa farar rigar da muka saya a Kuopio. Yana juya safa a hannu kamar mai saye. Pihla tana gidan ƙawarta, abin da na yi ta maimaitawa a raina ke nan.

Ya ce, "Nawa ne wannan? Ta yara nake so. Yanzu ƙafarta ta kai lamba nawa?"

Pirkko ta leƙo daga teburinta, hannu duk ɓawon kifi, ta ce, "Kai, Annukka, ashe safar ta yi aiki. Wane ne wannan kyakkyawan?"

Ya juya ya yi mata murmushin nan nasa. Ya ce, "Ni ne marigayin."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Ya ajiye kuɗi a kan tebur, ya naɗe safar ya sa a aljihu. Ya matso kusa har na ji ƙanshin sabulunsa, ya ce a hankali, "Barka da ranar suna, Riikka, ko da na makara. In kin rubuta wa Mama ki ce Eila tana gaishe ta, tana tambayar gwiwa."

Babu wata Eila, Mama. Babu tsohuwa a Kajaani, babu ɗa a Oslo. Hoton wata ya ɗauko ya koyi maganar tumatir. Tun bazara yake zaune a wayarki yana jira. Ba sai kin rubuta sunana ba, kalandar da ke bangonki ita ce a bangon kowa.

Ya tafi kafin 'yan sanda su zo. Sun same shi daga baya, ya ce hutu ya zo, bai san ina garin ba. Za a kai maganar kotu, wataƙila a ci shi tara. A ranar aka kwashe mu. Jaka biyu muka ɗauka. Pihla ba ta yi sallama da ƙawarta ba, ta bar kekenta a ƙofar gidansu. Ta koma fitsarin kwance.

Kafin a goge shafin na rubuta wa Pirkko gaskiya. Ta amsa da layi ɗaya. Ta ce, "Na ba ki labarin mutuwar mijina na gaske, kina riƙe da hannuna." Ba ta ƙara komai ba, kuma tana da gaskiya. Outi ce ta danna gogewar, ni na kasa. Mutum ɗari da wani abu suka san Annukka, suna sonta. Ban taɓa zama wadda ake so haka ba.

Ba na son in zage ki. Na rubuta wasiƙar zagi na yaga. Ni na ba ki sunan, ni na buɗe shafin bayan an hana ni. Amma abu ɗaya na roƙe ki.

Riikka

Nurmes, cikin watan Satumba

Riikka, 'yata,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata.

Wasiƙun namu sun yi saɓani a hanya. Kina can kina kwashe kaya, ni ina nan ina yi miki alfaharin dabarata. Na so a ce hannun nan ya shanye kafin ya kai ga wayar.

Da na gama karantawa na buɗe hirarmu da Eila tun daga farko. Na gaya masa ina kuka da asuba. Na gaya masa ina ajiye rigar barcin Pihla a ƙarƙashin matashi. Shi kuma yana cewa, "Haƙuri, 'yar'uwa, na san zafin." Mutumin da ya fasa miki fuska shi ne ya fi kowa tambayar lafiyata bana. Kuma ki ji ƙazantar abin, ranar farko har na ji kewarta. Na kama kaina ina so in ba Eila labarin abin da Eila ta yi mini.

Na rubuta masa ban san me na rubuta ba. Ya amsa da hoton fure, irin wanda na sa miki. Bayan nan shafin ya ɓace.

Na rufe nawa. Terttu Karvinen guda ɗaya, mai fuska a buɗe, da na yi ta taƙama da ita, ita ce ƙofar da ya shigo ta ciki. Na kai wayar wurin 'yan sanda, na sayi ƙarama mai maɓalli. Tumatir ya nuna ya ruɓe a jikinsa, ban tsinka ba. Coci ma na daina zuwa, don shi yana zuwa yanzu, yana zama a layi na uku. Ranar Lahadin ƙarshe da na je ya riƙe mini ƙofa, ya ce, "Sannu, Mummo, a hankali da matakala." Mutane suka ce yaron kirki.

Outi ta kira ni. Ta yi magana a hankali kamar mai gaya wa mara lafiya sakamako. Ta ce wannan karon ba shafi kawai ba ne, sunan naku za a canza a hukumance, ke da Pihla, har a takardu. Ta ce an ba ki shawara wasiƙu ma su tsaya na wani lokaci. Na ce wane lokaci? Ta ce ba ta sani ba.

Ban ce ki yafe mini ba, ban kai nan ba. Ban ce ki gaya mini gari ba. Sunan ma kada ki faɗa, na yarda ban iya riƙewa ba. Ni da babanki muka zaɓi Riikka a bakin tafki, yana cewa ya yi gajarta, ina cewa ya isa. In za ki ajiye shi, ki ajiye, ranki ya fi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya mini watan da sabuwar ranarki take. Watan kawai. Ba zan rubuta a ko'ina ba, ba zan kira Aila ba. Zan zaɓi wata rana a ciki in yi ɗan kek in ci ni kaɗai, in san ina da 'ya mai rana kamar 'ya'yan kowa. Na tsufa, Riikka, ban san me zan riƙa jira ba in babu wannan.

Allah ya tsare ku.
Mamanki

Cikin watan Oktoba

Mama,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Wannan ce ta ƙarshe sai an ce in sake rubutu, kada ki amsa, ba za ta iso ba.

Na yafe miki. Da gaske nake. Ki riƙa zuwa wurin Aila, kada ki zauna ke kaɗai a duhun hunturun nan da ke tafe.

An gama takardun. Pihla ta zaɓi nata da kanta, tana koyon rubuta shi. Ta tambaya ko Mummo za ta gane ta da sabon suna, na ce za ki gane.

Watan da kika tambaya babu shi. Sunan da na ɗauka ba ya cikin kalanda, nata ma haka. Na zauna na duba tun daga Janairu har Disamba kafin in sa hannu.

Ki sha maganinki. Ki huta lafiya.

'Yarki